Wai Idan Ƙarfe Ya Taɓa Ciwon Daji Sai Ya Bazu?

Da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta san irin wannan labari ba. Wata 'yar'uwa daga cikin matan zumunta ta ji ɗan ƙullutu a nononta sa'ad da take wanka. Ba ya ciwo, saboda haka ta yi shiru. Bayan wata shida ta gaya wa aminiyarta, ita kuwa ta kawo mata man shafawa. Da abin ya ƙi, aka je asibiti, likita ya duba ya ce sai an yi aiki. Nan fa gida ya rikice. Uwar miji ta ce sam. Maƙwabciya ta ba da labarin wance da aka yi wa aiki ba ta cika shekara ba. Wani kawu kuma ya kawo maganar nan da ta fi kowace yawo a bakin mutanenmu, wai idan ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya fusata ya bazu. Aka komo gida. Shekara na zagayowa sai ga sunanta cikin roƙon addu'a ran Lahadi, ana kuma tara kuɗin mota zuwa Zariya.

Wannan magana ta ƙarfe ita ce nake so mu zauna a kanta yau, 'yan'uwa, gama ta ci rayuka da yawa, masu faɗinta kuwa ba mugaye ba ne. Abin da idonsu ya gani suke faɗa. Sun ga an yi wa mutum aiki, sun ga ya rasu bayan 'yan watanni. Abin da ba su gani ba shi ne halin da cikin jikinsa yake ciki tun kafin ya hau gadon tiyata.

Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. Sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen 127,000 ne suka kamu da ciwon a Nijeriya, wajen 79,000 kuma suka mutu da shi. Na nono ne kan gaba. A cikin maza, na furostet, watau ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsara. A cikin mata kuma, bayan na nono sai na bakin mahaifa. Yawancin masu zuwa manyan asibitocinmu suna isa ne bayan ciwon ya yi nisa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

An gina jikin mutum da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarni a cikinta: lokacin da za ta rabu biyu, lokacin da za ta tsaya, lokacin da za ta mutu ta ba sabuwa wuri. Ciwon daji yakan soma ne sa'ad da wannan umarni ya lalace a cikin ƙwaya ɗaya, sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Kafin hannu ya iya jin ƙullutu mai girman ƙwayar gyaɗa, akwai ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyi a cikinsa, ya kuma daɗe yana girma a ɓoye.

Ba kowane ƙullutu ne daji ba. Yawancin waɗanda 'yan mata ke ji a nono ba su da wata illa. Abin da ya bambanta daji da sauran shi ne halinsa biyu: yana cin naman da ke kewaye da shi, yana kuma aika 'ya'yansa nesa. Hanyoyinsa biyu ne, magudanar kaluluwa da jijiyoyin jini. Na nono yakan fara sauka a kaluluwar hammata, daga baya ya kai ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Manomi ya san wuta-wuta. Muddin tana kusurwa ɗaya ta gona, ana iya tuge ta. Idan ta yi fure iska ta kwashi irinta, aikin ya zama wani abu dabam.

A nan ne duk maganar take. Tiyata da gashi duka biyu magani ne na wuri ɗaya. Wuƙa tana cire abin da ke inda ta shiga, haske yana kashe abin da ke inda aka auna shi. Irin da ya riga ya sauka a hanta, wuƙar da ta taɓa nono ba ta san da shi ba. Mutumin da aka yi wa aiki ya rasu bayan wata huɗu, sau da yawa irin ya daɗe da tafiya, kawai bai yi girman da za a gan shi ba. Aikin ya zo a makare, sai shi aka ɗora wa laifi.

Bari in faɗi wani abu a gefe. Kalmar daji a bakin masu maganin gargajiya tana da faɗi ƙwarai. Gyambon da ya ƙi warkewa daji ne, kumburin ƙafa daji ne, maruru mai zurfi ma wani lokaci daji ne. Don haka idan wani ya rantse ya warkar da daji da sassaƙe, ba lalle ƙarya yake yi ba, mai yiwuwa abin da ya warkar ba shi ne wanda likita ke nufi ba.

Kafin a ɗauki wuƙa

Likitan kirki ba ya soma maganin daji da zato. Sai an ɗebi ɗan nama daga ƙullutun, yawanci da wata allura mai kauri, an kai ɗakin gwaji, ƙwararre ya duba da madubi ya rubuta ko daji ne, kuma wane iri. Wannan takarda ita ce tushen kome. A adana ta kamar takardar fili. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma zaman jiran yana da wuya, amma maganin wani irin daji ba ya yi wa wani.

Sa'an nan a auna nisan da ciwon ya yi, ta hoton ƙirji, hoton ciki da sauransu. Wani likita Bafaranshe, Pierre Denoix, shi ya tsara ma'aunin da ake bi tun daga shekarun 1940, tambayoyi uku ne: yaya girman ƙullutun, ya kai kaluluwa ko bai kai ba, ya tafi nesa ko bai tafi ba. Daga amsar ne ake cewa ciwon yana mataki na 1, na 2, na 3 ko na 4. A mataki na 1 yana ƙarami a wurinsa. A na 4 ya sauka a wasu sassan jiki.

Daga nan likitoci za su tsai da niyya, ko dai a nemi warkarwa ɗungum, ko a nemi sauƙi da ƙarin kwana. Ya kamata majinyaci ko mai jinyarsa ya tambayi likita kai tsaye, "Likita, wannan maganin na warkarwa ne ko na samun sauƙi?" Ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Iyalin da za su sayar da gona suna da hakkin sanin abin da suke saye.

Aikin wuƙa

Tiyata ita ce mafi daɗewa cikin magungunan daji, har yau kuma ita ce ta fi warkar da masu ƙullutun da bai bazu ba, ko a nono, ko a hanji, ko a fata, ko a ƙoda. Abubuwa biyu suka buɗe mata hanya. A 1846 a birnin Boston na Amurka aka nuna a gaban taron likitoci cewa ana iya sa mutum barci a yi masa aiki bai ji zafi ba, abin da aka cire a ranar kuwa ƙari ne a wuyan wani saurayi. A 1867 kuma Joseph Lister a Glasgow ya bayyana yadda tsabtace rauni da kayan aiki ke hana ruɓa.

Ƙa'idar aikin daji ita ce a cire ƙullutun gaba ɗaya a dunƙule, tare da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi, ba tare da wuƙa ta ratsa cikinsa ba. Wanda ya taɓa fama da tofa a gona zai gane dalili. Ka sare kanta ka bar saiwa, ruwan farko za ta dawo. Bayan an cire, a ɗakin gwaji akan shafa tawada a bayan naman, a yanka, a duba ko ƙwayoyin daji sun kai bakin tawadar. Idan sun kai, watau akwai saura a jiki, sai a koma a ƙaro. Kaluluwar da ke kusa ma akan ciro ta a duba. A wasu asibitoci akan zuba shuɗin ruwa a gano kaluluwar farko da ciwon zai bi, idan ba kome a cikinta sai a bar sauran, hannun mace ya tsira daga kumburi.

To, a nan zan ba kawun nan namu gaskiyarsa, gama maganarsa tana da ɗan tushe. Akwai ƙarfen da ke ɓata ciwon daji. Shi ne askar wanda ya ɗauki ƙullutu a kan ƙurji ya tsaga don ya matse, da wuƙar wanda bai koyi aikin ba, ya gutsuttsura ƙullutu ya ciro rabi ya bar rabi, sa'an nan ya jefar da naman ba a kai gwaji ba. Irin wannan yana barin ƙwayoyi cikin rauni, ciwon ya tsiro a kan tabo, ya kuma wahalar da likitan da zai zo gyara. Saboda haka duk inda za a cire wa wani naka ƙullutu, ko da ƙaramin asibiti ne, ka nace a sa naman cikin kwalba da ruwan adana shi a aika ɗakin gwaji. Idan aka ce ba bukata, ka ɗauki mutuminka ka yi gaba.

Su kansu likitoci sun daɗe kafin su fahimci iyakar wuƙa. William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana aikinsa a 1894: a cire nono duka, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Ya rage dawowar ciwon a ƙirji sosai, aka bi tafarkinsa wajen shekara 80, wasu har suka riƙa zarcewa zuwa cikin ƙirji, da tunanin cewa yawan yanka shi ne yawan tsira. Mata suka sha wahala, ƙirji ya lotsa, hannu ya kumbura, amma masu mutuwa ba su ragu yadda aka zata ba. Sai Umberto Veronesi a Milan ta Italiya da Bernard Fisher a Amurka suka gwada a kan mata masu ƙananan ƙullutu. Aka cire wa wasu nono duka, wasu kuma aka cire ƙullutun da kewayensa kawai aka bi da gashi. Sakamakon ya fito a 1981 da 1985, aka kuma sake dubawa a 2002 bayan shekara 20: tsawon rai ɗaya ne. Abin da ke kashewa shi ne irin da ya tafi kafin aiki, ƙarin yanka kuwa ba ya komo da shi. Binciken Fisher ya nuna wani abu kuma. Cikin matan da aka cire wa ƙullutu ba a yi gashi ba, ciwon ya dawo a nonon ga wajen 39 cikin 100. Cikin waɗanda aka yi wa gashi, wajen 14 cikin 100.

Ga abin baƙin ciki a wurinmu. Macen da ta gudu daga asibiti don kada a cire mata nono, da ta tsaya tun ƙullutun yana ƙarami, mai yiwuwa da ba a cire ba. Jinkirin ne yake kai ta ga abin da take tsoro. Idan kuwa likita ya ce sai an cire duka, ko don girman ƙullutun, ko don babu tabbacin samun gashi a kan lokaci, to maigida, maganarka tana da nauyi a nan. Mata da yawa ba wuƙa suke tsoro ba, idon miji suke tsoro. Kalma ɗaya daga bakinka a daren nan ta fi ta dattawa goma.

Wani lokaci likita zai ce a fara da ruwan magani da ake kira kemo, don ƙullutun ya ragu kafin aiki. Yakan ragu kuwa, har hannu ya daina jinsa. Nan ne ake yawan yin asara. Majinyaciya ta ga abin ya ɓace, ta tashi cikin sujada ta ba da shaida, ba a sake ganinta a asibiti ba sai bayan shekara, da gyambo. Ba da shaida abu ne mai kyau, amma ranar da likita ya rubuta a kati tana nan. Abin da hannu ya daina ji, madubi yakan same shi. Fastoci da shugabannin zumunta, ku da kuke jin waɗannan shaidu, ku riƙa tambaya cikin ƙauna ko an gama magani.

Gashi ba wuta ba ne

Likitoci suna ce masa rediyoterafi, mu kuma muka sa masa suna gashi, sunan ya tsorata mutane. Babu wuta a ciki, babu zafi. Haske ne marar ganuwa, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wilhelm Rontgen ya gano shi a Jamus a 1895, Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin rediyom a Faransa a 1898, ba a jima ba aka soma gwada su a kan ciwon daji. Wajen rabin masu ciwon daji za su bukaci gashi a wani lokaci cikin jinyarsu.

Yadda yake aiki shi ne yana kakkarya umarnin nan da ke cikin ƙwaya. Ƙwayar ba ta mutuwa nan take, sai ta zo rabuwa biyu ta kasa. Shi ya sa ƙullutu kan ci gaba da raguwa makonni bayan an gama. Hasken yana taɓa lafiyayyun ƙwayoyi ma, amma su sun fi na daji iya gyara kansu idan an ba su 'yan sa'o'i.

Raguna ne suka koya wa likitoci wannan. A shekarun 1920 a Faris, Claudius Regaud yana gwada haske a kan marainan rago, domin ƙwayoyin da ke ciki suna saurin rabuwa kamar na daji. Ya tarar idan ya ba da hasken gaba ɗaya a rana ɗaya, ba ya iya hana ragon haihuwa sai fatar ta ƙone ta lalace. Idan kuwa ya raba shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, ragon ya daina haihuwa, fatar kuma ta tsira. Abokin aikinsa Henri Coutard ya bi wannan hanya ya warkar da masu dajin maƙogwaro ba tare da an yanka su ba. Daga nan aka samo tsarin da ake bi: kaɗan kowace rana, Litinin zuwa Jumma'a, a huta Asabar da Lahadi. Ma'aunin hasken sunansa girei, abin da aka saba bayarwa kuwa girei 2 ne a rana. Na nono a da zuwa 25 ne cikin mako 5. Bincike a Ingila ya nuna zuwa 15 cikin mako 3 yana yin aiki iri ɗaya, a 2020 kuma aka nuna ga wasu mata zuwa 5 cikin mako guda ya isa. Na maƙogwaro da baki yakan kai mako 6 ko 7.

Kafin a soma, akan ɗauki hoton siti na wurin, likita ya zana inda haske zai shiga da inda za a kare, kamar zuciya, huhu da laka. Za a yi 'yan alamu a fata, kada a goge su. Mai ciwon kai ko wuya akan yi masa wani marufi na roba daidai fuskarsa don kada ya motsa. Kowace rana mutum zai kwanta, ma'aikata su daidaita shi, su fita suna kallonsa ta talabijin, na'ura ta zagaya tana ƙara. Minti 10 zuwa 15 an gama, hasken kansa 'yan mintoci ne kawai.

Wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya fita da haske a jikinsa. Ana kashe na'ura, shi ke nan. Zai iya ɗaukar jikansa, ya ci tuwo a kwano ɗaya da iyalinsa, ya zauna a bencinsa na kullum, ya ci jibin Ubangiji tare da kowa. Ciwon dajin kansa ma ba a ɗaukarsa ta zama tare ko ta kwano. Na faɗi wannan ne domin akwai gidajen da ake ware wa majinyaci kofi da ɗaki, kaɗaicin kuwa ya fi gashin ciwo.

Wahalarsa tana tsayawa ne a inda aka haska, ban da gajiya da kusan kowa ke ji. Fata takan yi duhu, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule. Na mara yana kawo gudawa da zafin fitsari. Na wuya yana sa ciwon baki da wuyar haɗiya, a nan kunu mai kauri, madara, ƙwai da miyar wake suna da amfani, gama ramewa tana hana a kai ƙarshe. Gashin kai ba ya zuba sai idan kan ne aka haska. Kada a shafa man zafi ko wani haɗi a wurin, kada a dirje da soso. Yawancin waɗannan suna wucewa 'yan makonni bayan an gama, ko da yake wasu, kamar bushewar baki ko taurin fata, suna iya daɗewa.

Babbar doka ita ce kada a yi fashi. A ranakun da aka tsallake, ƙwayoyin dajin da suka rage suna ƙara saurin hayayyafa, sai a yi asarar ribar da aka samu. Biki, girbi, jana'iza, taron shekara-shekara, duka sai a yi haƙuri.

Dajin bakin mahaifa shi ne ya fi nuna ƙarfin gashi. Idan an same shi da wuri, tiyata ce. Idan ya ɗan wuce bakin mahaifa zuwa gefe, wuƙa ba za ta iya kewaye shi ba, amma gashi yana warkar da mata da yawa ko a mataki na 2 da na 3. Akan haɗa gashin waje da na ciki, watau a sa ɗan bututu ta gaba har bakin mahaifa, a tura ƙwayar haske ta zauna na ɗan lokaci dab da ciwon, sa'an nan a janye ta. Tun 1999 akan ƙara da maganin sisfilatin sau ɗaya a mako, gama an tabbatar yana ƙara yawan masu tsira. Ana so a gama duka cikin mako 8. Matar da ke ganin jini bayan kwanciya da miji, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi magani, ta je a duba ta. Ga 'yan mata kuwa akwai rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa shi, wadda Nijeriya ta soma yi kyauta a watan Oktoba na 2023 ga masu shekara 9 zuwa 14.

Na'urorin iri biyu ne. Ta kobalt, wadda aka fara amfani da ita a Kanada a 1951, tana da sauƙin kulawa, amma ƙarfin sinadarinta yana raguwa da rabi kowace shekara 5 da 'yan watanni, sai an sake. Ta zamani, wadda ake kira linak, ta fara aiki a Landan a 1953. Ta fi iya saiti, amma tana son wutar lantarki tsayayya da injiniya a kusa. A arewa akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiya a Katsina. A Nijar an soma gashi a Yamai a 2021. Duk da haka na'urorin ba su kai ko kusa da bukatar mutum fiye da miliyan 200 ba, layi yana da tsawo, na'ura kuma takan lalace. Kafin a shiga mota, a sa likitan da ya rubuta takardar turawa ya bincika inda ake aiki a wannan lokaci. A tafi da takardar gwajin nama, da hotuna, da bayanin aikin da aka yi. A kuma tambayi ofishin jin daɗin majinyata game da asusun tallafi da gwamnatin tarayya ta soma a 2021 domin marasa ƙarfi masu dajin nono, bakin mahaifa da furostet.

Abin da ke sa mutanen ƙauye yin fashi sau da yawa ba kuɗin na'ura ba ne kaɗai. Wurin kwana ne na mako shida a garin da ba su san kowa ba, da abinci, da kuɗin mota kowace safiya. Ikkilisiyar da ke kusa da ɗaya daga cikin waɗannan asibitoci, idan ta ware ɗaki ɗaya da tabarma da murhu, ta shiga cikin maganin kai tsaye.

Inda wuƙa da haske ba su isa ba

Abin da ya bazu, ko wanda ake zaton ya bazu ba a gani ba, sai maganin da ke bin jini ya zagaya jiki duka. Kemo ke nan, da magungunan da ke toshe sinadaran jiki, kamar tamoksifen da wasu masu dajin nono ke sha shekara 5 ko fiye, da allurar da ake yi wa masu dajin furostet. Shi ya sa ake haɗa biyu ko uku ga mutum ɗaya, ba don likita yana laluben duhu ba.

Akwai kuma dajin da ba na wuƙa ba ne sam, kamar na jini. Haka wanda ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara cikin 'yan makonni, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, ana kuma samunsa a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro. Saurin girmansa yana da ban tsoro, amma kemo yana narkar da shi da sauri, yara da yawa suna warkewa idan an kai su da wuri an kuma gama magani. Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka, aka ba shi lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt a 1972.

Ko a mataki na 4 aiki bai ƙare ba, niyya ce ta sake. Gashi sau ɗaya tak, girei 8, yana rage ciwon ƙashi ga yawancin waɗanda aka yi wa. 'Yan kwanaki na gashi suna tsai da zubar jini daga mahaifa ko daga gyambon nono. Likitan tiyata yana iya buɗe wa hanjin da ya toshe hanya, mutum ya koma cin abinci. Ruwan mofin da ake sha bisa ƙa'idar likita yana ba mai tsananin ciwo barci, kada iyali su hana don tsoron wai zai saba.

Alama ɗaya ce a wannan mataki ba ta jiran wayewar gari. Mai dajin nono ko furostet ko huhu da ya soma jin sabon ciwon baya mai tsanani, ƙafafunsa suna nauyi ko suna mutuwa, fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, mai yiwuwa ciwon ya danne laka. A kwantar da shi a miƙe, a kai shi babban asibiti a ranar, a faɗa wa likitan farko da aka gani cewa mai ciwon daji ne kuma ƙafafunsa sun soma kasawa. Wanda aka yi wa gashi ko aiki tun yana iya taka ƙafarsa, yawanci yakan ci gaba da tafiya. Wanda aka bari ya kwana biyu ko uku a shanye, da wuya ƙafar ta dawo.